Kyan ɗan maciji: a daina haɗa barbarar mesa mai zanen gizo

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, muna zaune a fadarmu ta Wadata ana jiran shayi na biyu, sai ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Kawu, kalli maciji mai rawa."

Wata ƴar mesa ce mai ruwan zinariya, da siraran layuka baƙaƙe a gadon bayanta kamar saƙar gizo-gizo. Kyau kam tana da shi. Sai aka kawo mata ɓera a bakin matsefi. Ta ɗaga kai, kan ya fara karkarwa, ya murɗe gefe guda, ya juye har haɓarta ta kalli sama. Ta kai sara ta sari iska. Ta sake kaiwa ta bugi jikin akwatin. Samarin da ke wurin suka yi ta dariya, wani ya ce a sake kunnawa.

Ni dariyar ba ta zo mini ba. Ina kiwon tumaki a gida shekara da shekaru, kuma na taɓa tsayawa a kan wata tunkiyata da ciwon kai ya kama, tana kewaya wuri ɗaya tana faɗuwa, kanta a karkace. Abin da na gani a wayar nan shi ne na gani a garkena ranar. Babu wanda ya ce tunkiyar rawa take yi.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali ya zo daga baya. Yaron ya ce wani abokinsa da ke Lome ya shaida masa cewa kuɗi suna cikin macizai masu launi, Turawa suna rububinsu, kuma yana so ya zuba abin da ya tara na sayen babur su fara kiwon wannan irin. Shi ya sa na zauna na bi diddigin maganar, shi ya sa kuma nake wannan rubutu.

Matsayina shi ne: duk launin mesar da aka tabbatar yana tafe da naƙasa, bai kamata a ci gaba da haɗa barbararsa ba, ko a Amurka, ko a Lome, ko a Yamai. Waɗanda aka riga aka haifa, a riƙe su da kyau har ƙarshen kwanansu. Suna da daraja a matsayin dabbar gida, amma ba su da wuri a garken iri.

Wace mesa ce wannan

Ba ita ce babbar mesar da muka sani mai haɗiye ɗan akuya ba. Ƙaramar ƴar uwarta ce, da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi. Masu jin Faransanci suna ce mata mesar sarauta, masu jin Ingilishi kuma suna ce mata mesar ƙwallo, domin idan ta tsorata dunƙulewa take yi ta cusa kanta a tsakiya. Ba ta da dafi. Gidanta na asali yankinmu ne na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, musamman Gana da Togo da Benin da Najeriya. Tana wuni cikin suri da ramukan ɓeraye, ta fito da dare ta yi farauta.

Saboda sanyin halinta ta zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi ajiyewa a gidaje a Turai da Amurka. Tun da aka fara samun zabiyarta a hannun masu kiwo a 1992, sai kasuwar ta koma ta launi. Duk macijin da aka kamo a daji da wani baƙon zane, a saye shi da tsada, a haɗa shi da wasu, a ga ko zanen zai bi ƴaƴa. Yau haɗe-haɗen launukan sun kai dubbai, kowane da sunansa na kasuwa.

Wanda yaron ya nuna mini shi ake kira Spider, wato gizo-gizo. Wani mai kiwo a Amurka, Kevin McCurley, shi ya fara fito da shi a 1999 daga maciji guda da aka kai can daga Afirka. Duk mai zanen gizo da ke duniya yau jikan wannan guda ɗayan ne. Ba zanen kaɗai suka gada ba, sun gaji tangaɗin ma.

Masu kiwon sun san da shi, har suna suka ba shi. Wani macijin karkarwar kai kaɗan yake yi lokacin cin abinci. Wani yana murɗewa kamar igiya, wani ya kafe yana kallon sama, wani idan ya kife da baya sai ya sha wahala kafin ya mirgino. A 2022 masu bincike a Jamus sun ɗauki hoton cikin kawunan wasu ƴan macizai kaɗan masu wannan zane suka gwada da na lafiyayyu, suka tarar da cewa kunnen ciki, wurin da ke riƙe wa dabba daidaiton jiki, a gurɓace yake. Duk wanda jiri ya taɓa ɗiba ya ga ɗaki yana juya masa ya san aikin wannan gaɓa. Mutum yakan kwanta jirin ya wuce. Macijin da haka aka halicci kunnensa, da shi zai rayu.

"Kawu, maciji ne fa"

Wannan ita ce magana ta farko da aka jefo mini a fadar, kuma na san ita ce a bakin mafi yawan masu karanta wannan. Mu da kububuwa take kashe mana manoma a gona, mu da ake neman maganin dafi a rasa, yaushe muka samu sukunin tausayin maciji?

Ban raina wannan magana ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa sarar maciji na kashe mutum tsakanin 81,000 da 138,000 a kowace shekara, kuma talakawan karkara ne suka fi mutuwa. Wanda ya binne ɗan uwansa saboda kasa ko gamsheƙa yana da dalilin ƙin jinin duk abin da ke jan ciki.

Amma maganar da muke yi ta dabbar da mutum ya ɗauko da hannunsa ce, ya sa a akwati, ya rufe. Daga ranar da ka rufe ta, cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyanka. Tun muna makarantar allo aka karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ban ga inda aka ce wannan nauyi ya tsaya a kan dabbar da ke ba mu sha'awa kaɗai ba. Mai kiwon da ya haɗa namiji da mace yana sane da abin da zai fito, shi ne sanadin zuwan waɗannan ƴaƴa duniya. Nauyinsa ya ma fi na wanda ya tsinci dabba a hanya.

"Ai tana ci, tana girma, tana haihuwa"

Wannan ita ce hujjar da masu kiwon can suka fi dogara da ita, kuma ita ce ta fi ƙarfi, don haka zan daɗe a kanta. Suna cewa mai zanen gizo ba ta da ƙyamar abinci, har ma ana yabonta da ci. Tana yin saɓa yadda ya kamata, tana saka ƙwai, tana daɗewa a duniya. Dabbar da ke shan azaba, in ji su, ba za ta yi haka ba.

Gaskiya ne yawancinsu suna ci suna girma. Amma mu je gidan kajin nama, irin waɗanda ake yankawa bayan kwana arba'in da ƴan kai. Babu abin da ya kai su ci. Su ma suna girma, girman da har ƙafafun wasunsu ke gaza ɗaukarsu, ka ga kaza ta zauna a gaban abinci tana ci tana haki ba ta iya tashi. Wa zai kalle ta ya ce lafiyarta lau tunda tana ci? Ci alama ce ta rai bai fita ba. Bai isa shaidar jin daɗi ba.

Sannan a duba yadda take cin. Cikin akwati ne, an kashe ɓeran, an riƙe mata shi a gaban baki, idan ta kuskure a sake miƙawa. Mai ita ne ya ɗauke mata rabin aikin. Maciji kuma ba ya kuka. Tunkiya tana da murya, kare yana da ido da wutsiya da za su gaya maka halin da yake ciki. Mesa ba ta da ko ɗaya. Shirunta ba yarda ba ne, haka Allah ya yi ta.

Na yarda cewa ba dukansu ne abin ya yi wa tsanani ba. Akwai waɗanda sai ka zuba ido sosai kafin ka lura. To amma a nan matsalar take. Mai kiwo ba ya iya sanin wane ɗa ne zai fito da kaɗan, wane ne zai fito da mai yawa. Uwar da da ƙyar ake ganin nata tana iya haifar wanda ba ya iya riƙe kansa. Wanda ya taso da sauƙi yana iya tsananta da ya girma, ko ya tashi duk lokacin da ya firgita. Kowace barbara caca ce, kuma wanda ke biyan asarar ba ya cikin masu buga ta.

Wani zai ce a yi haƙuri, da zaɓen iri za a raba zanen da ciwon. An yi sama da shekara ashirin ana haɗa mai zanen gizo da jinin macizai iri-iri, an fitar da haɗe-haɗe masu yawa, tangaɗin bai rabu da su ba. Abin da ke kawo zanen shi ne ke kawo ciwon. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Akwai kuma lissafin da abokin na Lome bai gaya wa yaron ba. Idan ka haɗa mai zanen gizo da mesa ta gama-gari, kusan rabin ƴaƴan za su ɗauko zanen. Idan ka haɗa masu zanen biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwan zai gaji abin ta uwa da ta uba, kuma waɗannan ba sa rayuwa. Irin da ninkinsa mutuwa ne, ya riga ya gaya maka ko shi mene ne.

Ba ita kaɗai ba ce

Don kada a ce na tsangwami launi ɗaya. Wanda suke kira Champagne da wanda suke kira Woma su ma an san su da tangaɗi. Wasu launukan idan aka ninka su ƴaƴan kan fito da karkataccen ƙashin baya ko baki shimfiɗaɗɗe kamar na agwagwa, wasu da idanu a bulluƙe.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda suka sa wa suna Desert, wato hamada. Launi ne mai haske, tsaf da shi, kuma macijin lafiyarsa ƙalau, ba karkarwa ba komai. Mutane suka zuba kuɗi masu yawa suka saya. Sai da matan suka isa haihuwa aka gane abin da ke ciki: ko su saka baragurbi, ko ƙwan ya maƙale musu a ciki, wasu har su mutu. Namijin kuwa yana barbara lafiya lau, yana ta haifar ƴaƴa mata masu irin wannan ƙaddara. Da labari ya bazu, farashin ya rushe.

Macen Desert, idan aka bar ta ba a kai mata namiji ba, dabba ce mai kyau da za ta zauna da mai ita shekaru. Wanda ya sa ta barbara yana sane, ya jefa ranta cikin haɗari ne saboda ƙwai shida da wataƙila ba ko ɗaya da zai ƙyanƙyashe. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

"Ku ma ai launi kuke zaɓa"

Wani dattijo a fadar, mai kiwon tattabaru, shi ya kawo wannan, kuma ya burge ni. Ya ce mu Hausawa da Fulani da Buzaye ba launi muke bi ba? Ragon Uda, gabansa baƙi ko ja, bayansa fari, ba don wannan rabin-da-rabin ake gane shi ba? Balami ba fari fat ake so ba? Jar akuyar Maraɗi ba da jarta ta yi suna har ƙasashen waje ba?

Haka ne, Baba. Son launi ba laifi ba ne, kuma ban ce a daina kiwon macizai masu launi ba. Mafi yawan launukan mesar nan ba su da wata illa da aka sani. Akwai mai roɗi-roɗin fari da aka tabbatar da gadonsa a 1997, lafiyayye ne. Akwai ma wani mai siraran layuka, Pinstripe, da ya yi kama da mai zanen gizo ƙwarai, kuma ba ya tangaɗi. Wanda siririn zane yake so, ga hanya a buɗe.

Bambancin shi ne launin Uda bai taɓa hana Uda tafiya ba. Ragon da ke bin makiyayi daga Azawak zuwa kudu da ƙafarsa, idan launinsa yana tafe da jiri, da tuni daji ya tace shi. Makiyayinmu yana son kyau, amma bai taɓa ajiye gurgun rago ya zama uban garke ba. A tashar Tukunus da ke wajen Filinge, inda ake kyautata irin shanun Azawak, aikin kenan: a zaɓi mai lafiya da nono a bar shi ya yaɗu, a fitar da mai aibi. Ilimin nan namu ne tun kaka da kakanni. Abin takaici ne a ce ɗanmu ya ajiye shi don ya ga wani a intanet yana yin akasinsa.

Akwai masu cewa ai daga daji aka kamo mai zanen gizo na farkon, halittar Allah ce. Ba musu. Allah yana halittar ɗan rago mai ƙafa uku ma. Amma guda ɗaya ne ya fito a daji, kuma macijin da ke sara yana kuskure ba zai cika daji da jikoki ba. Hannun mutum ne ya mai da ɗaya ya zama dubbai.

Maganar kuɗi

A nan na fi jin tsoro ga yaron, domin kallon kitse yake yi wa rogo.

Kasuwar launi tana da ɗabi'a ɗaya. Sabon launi yana fitowa da tsadar dubban dalolin Amurka, saboda mutum biyu ko uku ne ke da shi. Waɗanda suka saya da farko su haifar, su sayar wa na bayansu, su ma su haifar. Launin da rabin ƴaƴa ke ɗauka tun haihuwar farko ba ya daɗewa yana tsada. Mai zanen gizo ya shekara sama da ashirin a kasuwa, yau yana cikin masu araha. Wanda zai shiga yanzu ya zo ne bayan an watse.

Ƙofofi kuma suna rufewa. A 2018 babbar ƙungiyar masu kiwon dabbobi masu jan ciki ta Birtaniya ta hana sayar da mai zanen gizo a kasuwannin baje kolinta. Dokar kare dabbobi ta Jamus ta haramta haɗa irin da aka san zai haifar da ƴaƴa masu wahala. Masu sayen da kansu sun fara tambaya kafin su biya.

Sai mu dawo gida. Macen mesar nan tana ɗaukar kusan shekara uku kafin ta isa haihuwa. Idan ta isa, sau ɗaya take saka ƙwai a shekara, in ma ta saka, kuma yawanci ba ya wuce shida ko bakwai. Ƙwan yana son kusan wata biyu cikin ɗumi daidaitacce, wajen digiri 31 zuwa 32, da laima. Wanda ya kwana a ɗakin kwano a Yamai cikin watan Afrilu ya san digiri nawa ake yi, ya kuma san abin da ke faruwa idan kuran ya ɗauke da tsakar rana. Da hunturu kuma iska ta bushe ƙayau, saɓa ta maƙale wa maciji a ido da wutsiya. Kana buƙatar ɓeraye masu tsabta duk mako, wato sai ka yi kiwon ɓera kafin ka yi kiwon mesa. Idan ta kwanta ciwo, likitocin dabbobin da na sani gwanaye ne a kan shanu da tumaki da kaji, domin su ne dukiyar ƙasar.

Fitar da ita waje ma ba kamar aika kilishi ba ne. Mesar nan tana cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, CITES, ta sa wa ido, ba ta ƙetare iyaka sai da takardar izini. A nan gida akwai dokar farauta da kare namun daji ta 1998, kuma ma'aikatan gandun daji suna da hurumin tambayarka inda ka samo ta.

Na gaya masa, da kuɗin babur ɗin nan, raguna biyu na turka da ya ɗaure yanzu ya kai kasuwar dabbobi ta Turaku gab da layya sun fi masa tabbas sau goma. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To a kashe waɗanda ke akwai?

A'a. Wannan ne ma wurin da nake rabuwa da masu zafin ra'ayi. Macijin bai zaɓi zanensa ba. Wanda ke da shi a hannu, ko ya karɓa daga wanda ya gaji da shi, ya yi aikin alheri idan ya riƙe shi da kyau.

Riƙon ba wuya ba ne ga mai haƙuri. Akwati mai faɗi marar tsawo, don kada ya hau ya faɗo. Maɓoya biyu ko uku, domin tsoro yana tayar da tangaɗin. Kwanon ruwa marar zurfi, saboda wanda ke kifewa yana iya shaƙewa a ruwan da lafiyayye zai yi wanka a ciki. Kada a taɓa jefa masa ɓera mai rai. Macijin da ya kai sara ya kuskure, ɓeran yana iya juyowa ya ci namansa. A rage ɗaukarsa ana nuna wa baƙi, a daina girgiza masa abinci don ya yi "rawa" a ɗauki bidiyo. Kuma kada a haɗa shi da kowa.

A san kuma cewa alƙawari ne mai tsawo. Mesar nan tana yin shekara ashirin zuwa talatin a hannun mai kula. A gidan namun daji na Saint Louis a Amurka an yi wadda ta kai kimanin shekara 62, har ta saka ƙwai a 2020. Saurayin da ya saye ta yau yana iya aurar da ƴarsa tana nan cikin akwatinta.

Darajarta kenan, kuma ba ƙarama ba ce: dabba mai sanyin hali da ba ta cizo sai an matsa mata, ba ta da hayaniya, yaro zai iya koyon halittar Allah a kanta ya rage tsoron da ba shi da tushe. Abin da na ƙi shi ne a ɗora mata farashin uwar garke.

Wanda kuma dole ta sa zai sayar, ya faɗi aibin. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. A kasuwar dabbobi, dillalin kirki yakan buɗe bakin rago ya nuna maka haƙora, ya sa a ja shi ka ga tafiyarsa. Mun san dabbar da ba ta layya: mai ido ɗaya da ya bayyana, gurguwa, marar lafiya, da ramammiya. Mun san kuma hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Hoton da aka ɗauka lokacin da macijin yake kwance shiru, aka tura wa mai saye ba tare da an ambaci tangaɗi ba, ha'inci ne, ko da kuwa mai sayen yana wata nahiya.

Abin da ya fi ci mini rai

Dabbar nan tamu ce. Daga Togo da Benin da Gana aka kwashi miliyoyinta zuwa Turai da Amurka cikin shekaru hamsin ɗin nan. Mafarauta suna tona ramuka da suri lokacin saka ƙwai, su kwaso ƙwan da matan da ke ɗauke da shi, a ƙyanƙyashe a gonakin macizai, a loda ƴaƴan a jirgi. Wanda ya yi tonon cikin rana ɗan abin da yake samu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin da ake sayar da ita a can. A 2021 ƙungiyar da ke tattara jerin halittun da ke cikin haɗari ta matsar da ita zuwa sahun waɗanda suka kusa shiga barazana.

Kuma kowace mesa da aka cire daga gona, ɓerayen da za ta ci sun samu sarari a rumbun wani.

A garin Wida na Benin akwai ɗakin da ake girmama wannan mesa, tana yawo a ciki ba mai taɓa lafiyarta. Ba addinina ba ne, ba kuma al'adata ba ce. Amma ya nuna cewa mutanen da suka zauna da ita ɗaruruwan shekaru sun gan ta da launinta na asali, baƙi da ruwan ƙasa da zinariya, suka ga ta isa. An ɗauke ta an kai wata ƙasa, an zaɓi mai ciwon a cikinta an yaɗa, yanzu ana so a sayar wa jikokinmu ita a matsayin ci gaba.

Ina roƙon likitocin dabbobinmu da ma'aikatan gandun daji su san da wannan magana tun kasuwar ba ta kafu a nan ba. Samari suna ganin bidiyon nan a TikTok da Facebook kullum, kuma wanda ya fara sayen aku da kunkuru gobe maciji zai nema. Ya fi sauƙi a ce tun yanzu irin kaza da irin kaza ba a haɗa su a ƙasar nan, da a jira sai akwatuna sun cika.

Jiya da dare yaron ya zo gida cin tuwo. Na sa ya sake buɗe bidiyon, na ce ya kashe kiɗan da aka ɗora a kai, ya kalla shiru. Ya kalla har ƙarshe, inda macijin ya kife yana neman ƙasa da kansa. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Kawu, zan tambayi abokin nawa ko suna da mai siraran layukan nan da ka ce ba ya karkarwa." Na ce ya tambaya, ya kuma tambaye shi takardun, da inda za a samo ɓerayen, da wanda zai biya kuɗin kuran a watan Afrilu. Kuɗin babur ɗin dai har yanzu suna hannun uwarsa.